Allura da Garma

Rasiɗin famfo nake nema, ba wani abu ba.
Mai gyara ya ce in babu takarda, babu garanti,
ruwa kuwa na ɗiga a kicin tun Talata,
ɗis, ɗis, cikin tukunyar da na tara masa.

Sha ɗayan dare a Valparaíso.
Hazo ya taso daga teku ya haɗiye rabin tudunmu,
jiragen dakon kaya na nishi a tasha,
karnukan unguwa na mayar musu da martani.
Na jawo kwamfuta, na buɗe imel,
a ɗan gurbin nema na rubuta: famfo.

Saƙo bakwai.
Uku talla ne. Biyu daga kamfanin ruwa.
Ɗaya daga Ximena, tana mitar na gidanta.
Na bakwai ya ɓullo daga wata jaka can ƙasa
mai suna "Sai wata rana".

Ni na raɗa mata sunan.

Shekara shida ke nan, daren da muka baro ofishin lauya,
ni da yayana Eleuterio.
Ya ce a sayar da gidan Baba,
na ce sai dai bayan raina.
Ban yi kuka ba. Zama na yi na kafa doka
da ɗan yatsa ɗaya:
duk saƙon da ya zo daga wannan adireshi,
kada ya shiga akwati,
kada ya yi ƙara,
a wuce da shi ta bayan gida.
Na'ura ba ta tambayi dalili ba.
Ta ɗauki rariya, ta shiga tankaɗe.
Ni na manta, ita ba ta manta ba.

Ɗari biyu da goma sha huɗu,
ko ɗaya ba a buɗe ba.

Na jera su daga mafi tsufa.
"Maganar lauya."
"Maganar lauya, har yanzu."
"Leontina, ki amsa mana."
Sai shiru na wata biyar.
Da ya dawo, muryar ta sauya:
"Kifi ya yi tsada a Puerto Montt."
"Reshen lemon Mama ya kama."
"Na daina taba, karo na uku."
Wasu ko take babu,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa ya tafi bai faɗi sunansa ba.

Na famfon layi biyu ne kacal:
"Kin tuna famfon tsakar gida da Baba ke ɗaure wa tsumma?
Jiya na yi mafarkinsa."

Na koma gurbin nema na rubuta: haƙuri.
Babu sakamako.
Na yi dariya ni kaɗai. Halinsa ne,
tun muna yara kalmar nan ke maƙale masa a wuya.
Na rubuta: gida. Ɗari da casa'in.
Na rubuta: asibiti,
ban san abin da ya ja hannuna ba.
Huɗu, duk a sanyin Yulin bana.
Na riƙe bakin tebur kafin in duba kwanan wata na ƙarshe.

Kwana tara da suka wuce.
"An sallame ni. Miyarsu ba gishiri."

Na nemo dokar inda na binne ta, na danna gogewa.
Sai yanzu na'urar ta ga damar tambaya:
Kin tabbata?

Fili fari, ɗan sandan rubutu na ƙifta ido.
Na rubuta doguwar gaisuwa, na share.
Na rubuta da-na-sani, na share.
Abin da ya tafi shi ne:
"Famfona na yoyo.
Wane irin tsumma Baba ke ɗaurawa?"

Rasiɗin dai ban gan shi ba.
Tukunya ta cika har tana zuba a ƙasa,
bari in je in juye.